Katin tarihin Glenda Jackson a wurin masu turin fim na Maradi: abin da ya yi kyau da abin da ke son gyara

A cikin shagunan masu turin fim da ke kewayen Babbar Kasuwar Maradi akwai wani ɗan shago da ya ɗan fita daban. Yana tura finafinan Indiya masu fassara da na Kano da wa'azi da ƙira'a kamar kowa, amma ban da su yana haɗa abin da yake kira katin tarihi. Sai ya ɗauki mutum guda sananne, ya tattara bidiyoyinsa a memori ɗaya, ya kuma ɗora bayanin rayuwarsa da Hausa. Galibi ƴan ƙwallo ne da shugabannin ƙasashe. Na baya-bayan nan kuwa na wata Baturiyar Ingila ne, Glenda Jackson, wadda ta ci kyautar Oscar sau biyu, ta ajiye wasan kwaikwayo gaba ɗaya, ta yi shekara 23 a majalisar dokokin Birtaniya, sannan ta koma kan dandali tana da shekara 80. Mun gwada katin a waya babba, da ƙaramar waya mai maɓalli, da talabijin iri biyu, da kwamfuta. Ya cancanci kuɗinsa, amma kada mutum ya biya ya juya baya bai duba wasu abubuwa ba, kuma kada ya ɗauki duk abin da mai bayanin ya faɗa a kan siyasarta a matsayin yankan shakku.

Kuɗin turi jikka guda ne idan ka zo da memorinka. Idan a wurinsu za ka sayi memori mai giga 16, jikka uku da rabi ne duka da turin. Kayan da ke ciki sun kai wajen giga 11, a folda huɗu: bayanin rayuwa da Hausa na kimanin minti 50, wasan talabijin na Sarauniya Elizabeth kashi shida, finafinai biyar, da jawabai biyu na majalisa. Memori mai giga 16 yakan nuna 14 da ɗoriya ne kawai a waya, wannan ba ha'inci ba ne, bambancin lissafin masu ƙera kati da na kwamfuta ne. Mai giga 8 kuwa ba zai ɗauka ba, kuma idan ka kawo shi, yaron shagon zai rage maka wasu abubuwa ba tare da ya tambaye ka wanne ka fi so ba. Gara ka zaɓa da bakinka.

Kashin farko na bayanin, wanda ya shafi ƙuruciyarta, shi ne ya fi fita tsaf. An haife ta ranar 9 ga Mayu 1936 a Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool, ta girma a wani ƙaramin gari na bakin teku da ke kusa, Hoylake. Mahaifinta magini ne, mahaifiyarta tana aikin shara da tsaron kanti, ita ce babba a cikin ƴaƴa mata huɗu. Ta bar makaranta tana da shekara 16, ta yi kamar shekara biyu tana sayar da kaya a kantin magani na Boots, kafin ta samu gurbin karatu a babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan, RADA, a 1954. Mai bayanin ya tsaya a kan shekarun da suka biyo baya, lokacin da take yawon ƙananan gidajen wasa, wani lokaci ta yi watanni ba aiki, tana hidimar kai abinci a gidajen cin abinci don ta biya haya. Ya yi daidai da ya tsaya a nan, don wanda bai san wannan talauci ba ba zai gane dalilin da ya kai ta jam'iyyar Labour ba, ba kuma zai gane zafin da ke cikin muryarta a majalisa ba. Ya kawo shigarta ƙungiyar wasan Shakespeare ta masarauta da aikinta da darakta Peter Brook a 1964, inda ta fito a matsayin Charlotte Corday, matar da ta kashe Marat, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin Faransa. Duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya ji sunan Marat a darasin tarihi, da ma mai bayanin ya ja wannan zare kaɗan.

Hausar mai bayanin mai daɗi ce, ba gaggawa, ba ihu irin na masu fassarar fim ɗin faɗa. Sautin ma an ɗauke shi a ɗaki mai shiru, ba ƙarar janareto ko kabu-kabu a baya. Akwai kuma bayanin a sauti zalla, MP3 mai nauyin mega 24, wanda ke buɗewa a ƙaramar waya kuma ana iya aika shi ta WhatsApp. Dabara ce mai kyau, domin da yawa daga cikin matan da za su so jin wannan labari ƙaramar waya gare su.

Matsalar ta fara ne daga inda bayanin ya shiga siyasa. A cikin minti 50, shekara 23 na majalisa sun samu minti bakwai kacal, kuma a cikin bayanin akwai kurakurai uku, biyu manya a cikin waɗannan bakwai ɗin.

Na farko, ya ce ta zama ministar sufuri ta Birtaniya. Ba ta zama ba. Bayan Labour ta ci zaɓen 1997, firayim minista Tony Blair ya naɗa ta ƙaramar minista a ma'aikatar da John Prescott ke shugabanta, aka ba ta kula da harkar sufuri musamman ta Landan. A tsarinsu wannan shi ne matakin ƙasa a jerin ministoci, ba ta zama a majalisar zartarwa. Shekara biyu ta yi, ta sauka a 1999 don neman jam'iyyarta ta tsayar da ita takarar magajin garin Landan, ba ta samu ba, Frank Dobson aka ba tuta. Daga nan har ta bar majalisa ba ta sake riƙe muƙamin gwamnati ba. A kujerun baya ta zauna, daga nan kuma ta zama cikin masu sukar Blair a fili, musamman a kan yaƙin Iraƙi, har ta riƙa kira ya sauka. Wanda ya ƙara mata girman muƙami don labari ya yi armashi ya rage mata wani abu da ya fi muƙamin: ta zauna shekara 16 ba kujerar minista, ba jiniya, tana aikin mazaɓa, alhali da ta so da ta koma fim ta kwashi kuɗi.

Na biyu ya fi ciwo. Ya ce a zaɓen 2010 ta samu kashi 42 cikin ɗari. Abin da ya faru shi ne ta ci da ratar ƙuri'a 42, ƙuri'a ɗai-ɗai har 42: ita 17,332, ɗan takarar masu ra'ayin riƙau Chris Philp 17,290, a sabuwar mazaɓar Hampstead da Kilburn bayan an sake shata iyaka. A bayyane yake mai bayanin ya karanta adadin da Ingilishi ne, ya ga 42, ya ce ai ba zai yiwu a ci kujera da wannan ba. Yana yiwuwa, kuma a nan ne ya kamata ya yi wa mai sauraro na Maradi bayani. A zaɓukan ƴan majalisa da aka saba a Nijar, jam'iyya ce ke kawo jerin sunaye na jiha, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'a. A Birtaniya an yanka ƙasar mazaɓa 650, kowace mazaɓa mutum ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ce shi ya ci, babu zagaye na biyu. Shi ya sa ɗan majalisa a can yake ɗaure da unguwarsa. Yana ware ranaku ya zauna a wani zaure, mutane su zo ɗaya bayan ɗaya da matsalar haya, ko takardar zama ƙasa, ko kuɗin tallafi da aka tsayar musu, shi kuma ya rubuta wa hukuma. Wannan shi ne mafi yawan aikin da Glenda Jackson ta yi tun daga 1992, kuma ko jimla ɗaya bai samu ba a katin.

Shigarta majalisar ma an taƙaita ta fiye da kima. Ranar 9 ga Afrilu 1992 ta ƙwace kujerar Hampstead da Highgate daga hannun masu ra'ayin riƙau, ta kayar da Oliver Letwin da ƙuri'a 1,440, a daren da jam'iyyarta ta sha kaye a ƙasa baki ɗaya, firayim minista John Major ya zarce. Mata 60 ne kawai suka shiga majalisar a wannan zaɓe, a cikin kujeru 651 na wancan lokaci. Ta shiga a ɓangaren adawa ke nan, tana da shekara 55, kuma ta yanke cewa ba za ta haɗa taura biyu a baki ba. Ba ta yi fim ba, ba ta hau dandali ba har ta sauka a 2015. Wannan ya kamata ya zama ƙashin bayan labarin. Ƴan fim da mawaƙa da ke shiga siyasa ba baƙin abu ba ne a ƙasar Hausa, mun saba ganinsu a kan mumbarin kamfe suna tara jama'a, wasu a ba su muƙamin mashawarci. Wadda ta rufe ƙofar sana'arta a lokacin da sunanta ke da tsada, ta je ta zauna tana karanta wasiƙun masu ƙorafi, irinta ba ta da yawa a ko'ina.

Kuskure na uku ƙarami ne a baki amma yana ruɗa mai kallo: sau biyu mai bayanin ya kira Sarauniya Elizabeth da Glenda Jackson ta fito a matsayinta da cewa ita ce wadda ta rasu a 2022. Ba ita ba ce. Elizabeth ta Farko ce, ƴar Sarki Henry na Takwas, wadda ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603.

Wasan talabijin ɗin nan, Elizabeth R, da BBC ta yi a 1971, shi kaɗai ya isa a sayi katin dominsa. Kashi shida ne, kowanne kusan awa ɗaya da rabi, nauyin kowanne wajen mega 650. Ya fara daga lokacin da take gimbiya mai tsoron kada ƴar'uwarta ta sa a sare mata kai, ya bi ta kan masu neman aurenta da ta yi ta ja musu rai har ta mutu ba ta yi aure ba, da hukuncin kisan Mary sarauniyar Scotland a 1587, da jiragen ruwan yaƙin Sifaniya a 1588, har zuwa tsufanta da rasuwarta. Glenda Jackson ta aske gaban goshinta saboda wasan, don ya yi daidai da hotunan sarauniyar, ta kuma ci kyautar talabijin ta Amurka, Emmy, guda biyu da shi. Wanda ya taso a garin da ke da fada, ya san yadda ake magana a gaban sarki, da yadda fadawa ke auna kalma, da yadda shawara ke bi ta bayan labule, zai ji wasan nan kusa da shi fiye da yadda yake zato. Babu doke-doke a ciki sai kaɗan. Magana ce, a ɗaki, tsakanin mutane masu tsoron juna.

Sai dai an yi masa lahani biyu wajen turi. Na ɗaya, hoton. An ɗauki wasan ne da ma'aunin tsohuwar talabijin mai kusan murabba'i, huɗu bisa uku, su kuma sun ja shi ya cika allo mai faɗi. Sakamakon haka fuskoki sun baje, kowa ya yi gajere ya yi ƙiba. Gyaran ba wuya: a manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka taɓa alamar girman allo ka zaɓi 4:3, baƙin layi zai fito dama da hagu, haka ya kamata ya kasance. A talabijin, maɓallin yana cikin saitin hoto. Na biyu, rubutun fassarar Faransanci da ke fitowa a ƙasan allo. A kashi na ɗaya zuwa na uku yana tafiya daidai da baki. Daga na huɗu zuwa na shida yana farawa daidai, amma kafin minti goma ya soma zamewa, kafin awa guda ratar ta kai wajen minti biyu da rabi. Dalilin shi ne bidiyon yana gudu a hoto 25 cikin daƙiƙa, ma'aunin Turai, rubutun kuwa an tsara shi ne a kan kwafin da ke gudu a 23.976. Bambancin kashi huɗu cikin ɗari ne da ɗan kai, kuma taruwa yake yi. Saboda haka jinkirta rubutun da daƙiƙa biyu ko uku ba ya magani, bayan minti biyar sai ka sake. Maganin shi ne a buɗe fayil ɗin rubutun a kwamfuta da manhajar Subtitle Edit, a canza ma'aunin daga 23.976 zuwa 25, a adana. Aikin minti biyu ne ga kowane kashi, kuma aikin shagon ne, ba na mai saye ba.

Akwai kuma talabijin da ba ta nuna rubutun sam. Yawanci saboda sunan fayil ɗin rubutu bai zo ɗaya da na bidiyon ba. Dole su zama harafi da harafi iri ɗaya, a folda ɗaya, ƙarshensu kawai ya bambanta, ɗaya mp4 ɗaya srt. Idan kuma haruffan Faransanci masu alama a kai suka fito kamar tsutsa, ka canza tsarin haruffa zuwa UTF-8 a saitin manhajar.

A cikin foldar wasan sarauniya mun tarar da fayil na bakwai, an sa masa suna kashi na bakwai. Babu kashi na bakwai. Fim ne daban, Elizabeth Is Missing na 2019, sunan ne ya yaudari mai haɗawa. A ciki Glenda Jackson tana da shekara 83, ta fito a matsayin wata tsohuwa mai cutar mantuwa da ke neman ƙawarta da ta ɓace, tana rubuta wa kanta ƴan takardu tana cusawa a aljihu don kada ta manta abin da take nema. Ta ci kyautar BAFTA ta talabijin da shi a 2020. Duk gidan da ke jinyar tsoho da ya fara ruɗewa, yana tambayar abu ɗaya sau goma, yana zargin jikoki da sata, yana fita ya kasa gane hanyar gida, ya kamata su zauna su kalli fim ɗin nan tare. Bai ɓoye gajiyar ƴar da ke kula da ita ba, bai kuma mayar da tsohuwar abin dariya ba. A wurinmu sau da yawa akan ce gigin tsufa ne kawai, wani lokaci ma a jingina abin ga sammu. Fim ɗin yana nuna cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, mai ita kuma yana cikin tsoro fiye da masu jinyarsa. Abin takaici, ba a yi masa fassarar Hausa ba, ga shi an ɓoye shi a inda ba mai nemansa.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci ga mai iyali. Foldar finafinai ba ta da wata alama ta gargaɗi, kuma uku daga cikin biyar ɗin ba na kallo a tsakar gida ba ne. Women in Love na 1969, wanda ya ba ta Oscar ta farko, yana da tsiraici a fili. Sunday Bloody Sunday na 1971 labarin mace ne da namiji da ke neman saurayi guda. A Touch of Class na 1973, wanda ya ba ta Oscar ta biyu, barkwanci ne amma a kan neman mijin wata aka gina shi. Ba a yanke komai daga cikinsu ba. Memori a gidajenmu yawo yake yi, daga wayar maigida zuwa ta uwargida zuwa hannun yara, kuma wanda ya sayi kati mai suna tarihi ba zai yi zaton haka ba. Shagon ya gaza a nan. Abin da ya dace shi ne a ware su a folda mai suna bayyananne, a kuma tambayi mai saye kafin a tura. Kafin su gyara, ka ce a cire maka su tun a shagon idan ba ka so, za ka samu sararin giga uku da rabi. Bayanin Hausa ya riga ya faɗi abin da ya kamata a sani game da su, har da cewa ba ta halarci bikin ba duk sau biyun da aka ba ta kyautar.

Sauran biyun ba su da wannan matsala sosai. Akwai Mary, Queen of Scots na 1971, inda ta sake fitowa a Elizabeth, Vanessa Redgrave kuma a Mary. Akwai kuma fim ɗinta na ƙarshe, The Great Escaper, tare da Michael Caine, labarin gaske na wani tsohon sojan ruwa da ya sulale daga gidan kula da tsofaffi a 2014 ya tafi Faransa bikin cika shekara 70 da saukar sojojin ƙawance a Normandi. Glenda Jackson ce ta fito a matarsa da ya bari a gida. Fim ɗin ya fito a Oktoba 2023, wata huɗu bayan rasuwarta a gidanta da ke Blackheath a Landan, ranar 15 ga Yuni, tana da shekara 87. Wannan fayil ɗin shi ne ya fi ba da wahala. An matse shi da tsarin H.265, wanda tsofaffin talabijin da dikoda masu ramin kile ba sa ganewa, sai ka ji sauti allo baƙi, ko ta ce fayil bai dace ba. A wasu wayoyi kuma akasin haka ne, hoto na tafiya ba sauti, saboda sautin AC3 ne. VLC yana buɗe duka biyun a waya. Don talabijin, ka ce su ba ka kwafin H.264 mai sautin AAC. Suna da shi, nauyinsa ya kusa ninki biyu, shi ya sa ba sa turawa sai an nema.

Jawaban majalisa su ne ƙarami a nauyi, su ne kuma suka fi nuna ko wace ce ita. Na farko na ranar 10 ga Afrilu 2013 ne, kwana biyu bayan rasuwar tsohuwar firayim minista Margaret Thatcher, da aka kira majalisa zama na musamman don yabonta. Glenda Jackson ta miƙe ta yi kamar minti takwas ba takarda a hannu. Ta yi maganar makarantun mazaɓarta a zamanin Thatcher, da littattafan da malamai ke liƙewa da salatif, da marasa gida da ke kwana a ƙofofin kantunan Landan, ta ce an mayar da haɗama da son kai abin yabo. Ta kuma ce matan da suka raine ta lokacin yaƙi, da maza ba sa nan, ba za su ga irin macen da suka sani a Thatcher ba. Ƴan ɗaya ɓangaren suna ta ihu, wani ya tashi ya kai ƙara, shugaban majalisa John Bercow ya ce ba ta karya wata ƙa'ida ba. Mai kallo a nan zai iya jin nauyin abin, don a al'adarmu ba a tone-tonen mamaci tun ba a yi sadakar uku ba, kuma a Ingila ma da yawa sun ga rashin dacewarsa. Mai fassarar ya kyauta da bai ɓoye wannan ba, ya faɗi ɓangarorin biyu. Jawabi na biyu na 2014 ne, inda ta caccaki ministan ayyuka da fansho na lokacin, Iain Duncan Smith, a kan tsarin tallafin marasa ƙarfi.

Fassarar ma'ana ta yi daidai a duka biyun. Haɗa sautin ne ya ɓata aikin. An danne muryarta kusan gaba ɗaya, aka ɗora ta mai fassara a kai tun daga kalmar farko. A fim ɗin faɗa wannan ba komai ba ne. A nan kuwa muryar ita ce kayan. Murya ce mai kauri da kaifi, wadda aka horar a wasan daɓe don ta kai kujerar ƙarshe ba lasifika, ita ce ta sa ta iya ratsa ihun majalisa ba ta ɗaga ta ba, ita ce kuma ta ba ta damar fitowa a matsayin Sarki Lear na wasan Shakespeare, rawar da maza ke takawa, a gidan wasa na Old Vic a 2016, ta kuma ci kyautar wasan daɓe ta Tony a New York a 2018 da wani wasa daban. Yadda gidajen rediyo ke yi shi ne a bar jimlar farko ta fita da cikakken ƙarfinta, sannan a rage ta zuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu a ƙarƙashin fassara, a sake ɗago ta a ƙarshen kowace gaɓa. Ko kuma a ajiye kwafi biyu, mai fassara da marar fassara, tunda jawabin minti takwas bai wuce mega 40 ba. Masu koyon Ingilishi, da ƴan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano suna son gyara harshensu, da sun amfana da kwafin asali, don tana furta kowace kalma a rarrabe.

Game da memorin da suke sayarwa, biyu da muka gwada na gaskiya ne. Amma jabu ya yi yawa a kasuwa, don haka ga yadda ake ganewa. Memorin jabu an yi masa dabara ne ya riƙa cewa giga 32 gare shi alhali 8 ne ko ƙasa. Turi zai tafi lafiya, sunayen fayil duk za su bayyana, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa ba ya buɗewa. Kada ka gwada fayil na farko, kullum lafiya yake. Ka buɗe wanda aka tura a ƙarshe, ka ja shi zuwa mintunan ƙarshe, sannan ka cire memorin ka mayar ka sake buɗewa. Mai kwamfuta zai iya gwadawa da manhajar H2testw, wadda ke cika katin ta karanta shi baki ɗaya. Lokacin turi ma ma'auni ne: giga 11 a kati mai lamba 10 yakan ci wajen minti 20. Idan ya haura awa, katin mai rauni ne, zai riƙa sarƙewa a tsakiyar kallo. Kada kuma ka ɗauki mai giga 64 don talabijin tsohuwa, yana zuwa da tsarin exFAT wanda da yawansu ba sa karantawa. Mai 16 ko 32 a FAT32 ya fi zama lafiya, kuma babu fayil a katin nan da ya kai giga huɗu, iyakar da FAT32 ke ɗauka.

Shagon yana da batir da faranti mai hasken rana, saboda haka ɗaukewar kuran ba ta katse turi, wanda shi ne ke lalata yawancin katuna a wasu wurare. Suna sake turi kyauta cikin kwana uku idan wani fayil ya ƙi buɗewa. Wurin zama benci ɗaya ne, da yamma bayan la'asar akwai cunkoso, da hantsi ya fi sauƙi. Kada ka ba da wayarka a jona da kwamfutarsu, ka cire memorin ka miƙa shi kaɗai, hotunan iyalinka su zauna a hannunka, wayar kuma ta tsira daga ƙwayar cutar kwamfuta.

Akwai maganar haƙƙin mallaka da ba za a tsallake ba. Finafinan nan da wasan talabijin ɗin suna da masu su, kuma turi irin wannan ba da izininsu ake yi ba, kamar yadda ƴan fim ɗin Hausa ma suka daɗe suna kuka a kan nasu. Abin da yake gumin shagon na kansa shi ne bayanin Hausa da fassarar jawaban, kuma su ne ya kamata ya zuba ƙarfinsa a kai. Suna tura waɗannan biyun kaɗai a kan dala arba'in, ba su kai mega 400 ba. Mun gaya wa mai shagon kurakurai ukun da batun fayil na bakwai, ya rubuta su a littafinsa, ya ce zai sake ɗaukar kashin siyasar. Kafin ka biya, ka ja bayanin zuwa wajen minti na 38 ka saurara: idan ka ji ƙuri'a 42, sabon kwafi ne, idan ka ji kashi 42, tsohon ne.